Inuwar Ƙubba

Da aka yaye zanen da ya rufe saman cocinmu ta ciki, jama'a suka durƙusa, ni kuwa na ɗora hannu a ka. Ƙatuwar ƙubba ce ta yi sama, mala'iku suna shawagi a cikinta.

Wankau nake yi a bayan cocin nan. Ɗan hasken ranar da ke faɗowa tsakar gidana shi ke busar da shanyata, shi ke ciyar da 'ya'yana huɗu.

Na cafki rigar mutumin da ya yi aikin. "Kai, mara tsoron Allah! Wannan dutsen kuka ɗora mana? Idan sanyi ya shigo, a inuwarsa zan yi shanya?"

Ya yi dariya. "Inna, matsa gefe taku goma, ki sake dubawa."

Na matsa. Ƙubbar ta karkace, ginshiƙanta suka kwanta. Ashe fenti ne a kan shimfiɗaɗɗen katako!

Na koma tsakiya, ta sake miƙewa. Sai na durƙusa ina hawaye. A duk birnin Napoli, yau na fara ganin ƙaryar manya da ta bar wa talaka ranarsa.