Allura a Bakin Mayafi

Bayan la'asar Naja'atu ta iske Tasi'u, manemin aurenta, zaune kusa da tsohon ramin zinariyar da aka daina tonawa a bayan Dareta. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Farin tabon da ya fito masa a bayan hannu ya ƙara faɗi. Mutanen gari sun ce mazauna ramin ne suka shafe shi, mahaifinta kuwa ya rantse ba zai ɗaura aure ba sai an san ko mene ne.

Ta zare allura daga bakin mayafinta. "Inna ta ce in ka ji zafi, albaras ne, launi kaɗai ya tafi, kuma Baba zai haƙura. In ba ka ji ba..." Harshenta ya ƙi ambaton kuturta.

"Allah shi ne Masani," in ji shi. Ya miƙa hannun, ya runtse ido.

Ta yi bisimilla, ta soka a tsakiyar farin. Jini ya fito ja wur. Ta tsura wa fuskarsa ido, tana jiran ko da motsin gira. Wata iska mai sanyi ta taso daga bakin ramin.

"Naja," ya ce yana murmushi, idonsa a rufe, "mi kike jira? Ki soka mana."

Ta share jinin da mayafinta kafin ya buɗe ido. "Gobe da sassafe ka shirya babur," ta ce. "Asibiti za mu, kuma ƙafata ƙafarka."