Telan da Ya Kai Ɗinki da Ƙafarsa

Ka ce bikin bana ba wanda ya leƙo ka? To gyara zama, ka ji abin da ya sami wani tela.

Telan nan matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suna can kudu wajen aiki. Amma in watan Kirsimeti ya kama, mantawa yake yi shi kaɗai ne, don shagonsa cika yake yi maƙil. Mata na rigima a kan anko, yara na gwada wando, wannan na roƙo, wancan na masifa, shi kuwa yana taka keke yana yi musu alkawarin gobe, irin na teloli. Ran jajibiri kowa ya karɓi nasa ya watse. Gari ya waye daga shi sai ƙyallaye a ƙasa. Ya je sujada a coci ya zauna a bencin baya, yana kallon ɗinkinsa a jikin mutane, kowa da iyalinsa, ba wanda ya waiwayo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya ƙudura in an tashi zai koma ya kulle ƙofa, ya jiƙa gari ya sha ya kwanta, biki ya wuce ba da shi ba. Yana cikin wannan ƙuncin sai kunnensa ya tsinci maganar mai wa'azi, yana cewa da Allah ya tashi nuna mana ƙauna bai aiko da gaisuwa daga nesa ba, bai kuma jira mu neme shi ba. Da kansa ya zo, aka haife shi a ɗakin dabbobi, ya taka ƙasarmu da ƙafarsa. Nan tela ya tuna akwai ɗinki ɗaya rataye a ƙusa, ankon wata tsohuwa 'yar ƙungiyar zumuntar matan coci da ba ta zo karɓa ba. Shi kuwa mutum ne mai ji da kansa, tun da ya koyi sana'a bai taɓa bin mai kaya gida ba. Ya ce a ransa, in Ubangiji bai ji nauyin takowa ba, ni a su wa?

Ya naɗe ankon ya nufi bayan kasuwa. Ya tarar da tsohuwa zaune a tabarma da kumburarriyar ƙafa, ashe santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya. A zaunen nan ta dafa shinkafa tukunya guda da miyar kaji, don hannunta bai saba da awon mutum ɗaya ba, jikokin da take jira kuma ba su sami zuwa ba. Ga kwanukan maƙwabta ta jera ta rufe, ba mai kaiwa. Da ta gan shi sai ta tafa hannu ta ce, "Tela, kai ne? Tun safe nake roƙon Ubangiji ya aiko mini da ƙafa!" Ta cika masa kwano, ya ci har ya yi gumi, sannan ta ɗora masa rabon kwanukan maƙwabta. Duk gidan da ya yi sallama, na Kirista da na Musulmi, sai an shimfiɗa masa tabarma, nan kunu, can cincin, kuma ba a mai da kwano haka nan. Kafin la'asar mutumin da ya yi niyyar kwana da jiƙaƙƙen gari sai da ya sassauta mazagin wandonsa. Maƙwabta da suka ji halin da tsohuwa ke ciki suka biyo shi duba ta. Ta ɗaura sabon ankonta a zaune ta ɗauko waƙa, tsakar gida ta amsa, har da tela da muryarsa mai kama da tsohon keke.

Saboda haka kai ma duba ƙusar ɗakinka, ba za ka rasa abin kai wa wani ba. Ɗauki takalminka. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.