Ƙahon Ranar Talata

Wani makiyayi ya naɗe wando, ya miƙe ƙafarsa a gaban wanzami. Gyambo uku ne suka kewaye idon sawun, ƙanana, masu zurfi.

"Sarkin Aska, daga Horo Birni nake. Zogi ya hana ni bin shanu. Mataccen jini na, a yi mini ƙaho."

Wanzamin ya daɗe yana kallo. Shekara arba'in ba wanda ya bar rumfarsa a Shagari ba a tsaga shi ba. Abokan hira sun gyara zama, suna jiran aska.

Ba su san bara irin gyambon nan ya ci ƙafar wanzamin kansa ba. Sau tara ya kafa wa kansa ƙaho, ciwon yana ƙara faɗi. A asibitin Sakkwato likitar da ke duba gyambo ranar Talata ta ce jini ne ke daskarewa a ƙananan jijiyoyi. "Na sani," ya ce mata. "Shi nake tsotsa tun ba a haife ki ba." Ta rubuta masa ƙwayar tsinka jini, ta hana shi tsaga. Wata biyar, gyambon ya rufe.

Yanzu wanzamin ya buɗe zabira, ya ɗauko ƙahon da ya gada wurin mahaifinsa, ya girgiza shi. Katin asibiti a nannaɗe ya faɗo.

"Wanga ciwo ranar Talata ake ƙahonsa," in ji shi. "Ka zo da wuri, motar Sakkwato ba ta jira. Ni zan raka ka."