Safar Goggo Smilja

Yaya Vukashin, har yanzu haushinka nake ji, mutuwarka ba ta rage komai ba.

Kai ka ƙirƙiro manhajar nan ta masu kiwon zuma a ɗakinka a garin Zrenjanin, ka bar cikinta a buɗe, kyauta, kowa ya zo ya gyara. Amma duk wanda ya kawo gyara sai ka tsinka shi a gaban jama'a. Ni ƙanenka, da na bar makaranta na kama facin taya, na koyi aikin a tsohuwar kwamfutarka, ni ka fi tsananta wa. "Radoje, wannan gyara ne ko faci? Kai da ƙafa kamar kwalekwale, kai kuma fanko. Koma ka sake."

Ba don Goggo Smilja ba, da tuni kowa ya watse. Tsohuwar malamar lissafi ce a Kikinda. Ba wanda ya taɓa ganinta. In an kira taron bidiyo sai ta rubuto, "Da wannan fuskar? Ku rufa mini asiri, 'ya'yana." Kana gama zagin mutum sai ga saƙonta a keɓe: "Rabu da wannan jakin, ɗana. Zo mu bi layi-layi."

Ita ta kafa al'adar. Ranar da mutum ya shigo ƙungiya za ta tambayi lambar takalminsa. Ranar da aka karɓi gyaransa na farko, safar ulu mai jan dunduniya za ta iso ta gidan waya daga Kikinda. A cikin 'yan ƙungiyar, Ishtvan yana da tasa. Jelisaveta tana da tata. Har wani mai zuma a Girka ya sa hoton ƙafafunsa. Ni kaɗai ba ni da ita, don kai ke karɓar gyara, kuma ba ka taɓa karɓar nawa ba.

Ƙofarka kullum a kulle. Rigunanka duk gashi, Mama na ta tsine wa kyanwa. Ran Asabar ka hau bas zuwa Kikinda, wai wurin budurwa. Na ce ka gaishe mini da Goggo, ka ce ba ka da lokacin tsofaffi.

A tashar bas ɗin nan zuciyarka ta tsaya.

Ranar addu'ar arba'in, muna tsaye bakin coci da dafaffiyar alkamar sadaka a hannu, Ishtvan ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma mutumin nan harbi kawai ya iya, zuma ba ta wurinsa. Goggo ce ƙungiyar. A cire sunansa daga saman manhajar a sa nata."

"In ta amsa," in ji Jelisaveta. "Tun rasuwar ba ta ce uffan ba."

Na matse cokali har ya lanƙwashe. Haushinsa, haushinka, sannan nata, wanda ya fi ci na. Matar da ke kirana ɗana, ko ta'aziyya? Na rubuta mata na ce ashe tausayinta na kan allo ne, na ce ta riƙe safarta.

Jiya Mama ta ce in kwashe kayanka, ita ba za ta iya shiga ba. Ɗakin yana nan da ƙamshin gahawarka, hasken taga kwance a kan kujerar kamar yana jiran ka dawo. Na durƙusa na jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado.

Kibiyoyin saƙar kakarmu ne a ciki, waɗanda Mama ta gaji da cigiya. Da ƙulli-ƙullin ulu. Da safa: ɗaya an gama, ɗaya tana kan kibiya, an tsaya a jan dunduniya. Na zura ƙafata a wadda aka gama. Kwalekwalen ya shiga daidai.

'Yan ƙungiya suna can a dandalin manhajar suna jiran Goggo Smilja ta amsa, Yaya. Ba su san tare muka binne ku a akwati ɗaya ba, ni kuma ban gaya wa kowa ba tukuna.