Doki Casa'in

"Doki casa'in?" Yayanta ya tuntsire da dariya, ya daki bayan tsohuwar motar babansu. "Malama, koma aji. Sai da ƙarfin doki ɗari uku mota ke wasan zamiya. In kin kasa, gobe 'yan gwangwan su ɗauke ta."

Malamar lissafin ta shiga motar. Ta taka mai, ta finciki birkin hannu, ta murɗe sitiyari. Bayan motar ya zame, tayoyi na ihu, ta kewaye shi, shi da sabuwar motarsa.

Da hayaƙi ya washe, sai ga shi tsaye tsakiyar baƙar da'ira a kan kwalta.

Ta leƙo ta taga. "Yaya, na duba lissafinka. Ga makinka nan: sifili."