Notin Ƙarƙashin Motar Suruki

Tasi'u, wannan jin nauyin naka ya fara ba ni haushi. Kullum ka ga abin da ba ka gane ba, sai ka ƙi tambaya, ka yi ta kame-kame kai kaɗai. Gyara zama ka ji misali.

An yi wani manomi da ya ari motar surukinsa, uban matarsa, don ya kwaso buhunan taki daga kasuwa. Tsohuwar mota ce, amma dattijon yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Ko makullin ma ta hannun 'yarsa ya aiko, don ka san suruki da suruki ba sa haɗa ido, balle doguwar magana. Saƙo ɗaya ya haɗo da shi: mota ta dawo kafin la'asar, zai kai Hajiya, uwar matar manomin, asibiti a birni, ƙafarta ta kumbura kwana uku ke nan ba ta iya taka ta. Manomi ya gama jigilar takinsa tun hantsi. Da ya wanke mota ya mayar, da magana ta ƙare. Ina! Sai zuciya ta ce masa, mutum ya ba ka aron mota, ka mayar masa hannu na dukan cinya? Ya sayo galan ɗin baƙin mai, wai zai yi mata juye da hannunsa, dattijo ya ji inji ya yi laushi ya san 'yarsa tana gidan ɗan halak.

Ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya shige ƙarƙashin mota. Akwai noti guda a gindin kaskon da mai yake kwanciya, shi ake kwancewa tsohon mai ya zube. Ya sa sifana ya ja, noti ko gezau. Ya zura wa sifana guntun bututun ƙarfe, ya tokare ƙafa da taya, ya ja iya ƙarfinsa. Sifana ta zame, ta kwashe masa fatar yatsu, ta tafi da kusurwar noti guda. Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, ko in kira Baba a tambaye shi?" Ya ce, "Kul! So kike ya ce ko noti ban iya kwancewa ba?" Ya ɗauko filaya ya damƙe, ya murɗa, ya sake murɗawa, har sauran kusurwoyin suka bi 'yar'uwarsu, kan noti ya mulmule sumul, babu inda ƙarfe zai kama. Aka kira azahar. Ya yi salla, amma wallahi ko shi bai san abin da ya karanta ba. Kuma ka lura, har a lokacin motar lafiyarta lau, in ya tayar za ta tafi. Abin da ya hana shi mayar da ita shi ne tunanin ranar da dattijo zai leƙa ya ga an cinye masa kan noti. Ya duba inuwar katanga ya ga ta fara miƙewa, la'asar na matsowa. Ya ruga maƙwabta ya aro guduma da cizal na sare ƙarfe, ya koma ya kwanta, zufa na shiga masa ido. Ya kafa cizal a gefen noti ya buga. Ya ƙara. A bugu na biyar sai ƙarar ta canza. Kasko ya tsage, baƙin mai ya tsiyayo masa a ƙirji, noti kuwa yana nan daram inda yake. Innalillahi! Sabon man in an zuba ta tsagar zai bi, mai walda ɗaya tak da ke ƙauyen kuma ya tafi cin kasuwa sai gobe. Bawan Allah ya kasa fitowa daga ƙarƙashin mota, yana kwance yana jin tsoro kamar ya yi kuka.

Ana sallame la'asar sai ga dattijo a ƙasa da sandarsa, dole manomi ya jawo jiki ya fito. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki tsumma ya goge dattin da ya daskare a kewayen noti, sai ga zoben walda ya fito fili. Ya miƙe, ya juya wa manomi baya, ya ce da 'yarsa, "Ki gaya wa mijinki, shekara tara ke nan da ramin notin nan ya lalace, ni na sa aka liƙe shi da walda. Ta sama nake zuƙe mai da tiyo. Tiyon ma yana cikin but ɗin motar." Ya juya ya tafi. A ranar a kan babur aka ɗora Hajiya, aka ɗaure ta da zane a bayan mai tuƙi, kumburarriyar ƙafa na reto, ga hanya duk ramuka. Manomi yana tsaye daga nesa, mai ya bushe a rigarsa, da kunnensa ya ji ihun da tsohuwa ta yi lokacin da babur ya faɗa ramin farko.

To ka ji, Tasi'u. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.