Uwar da Ba Ta Yi Kuka Ba

"Faɗi sunan mamacin," in ji ɗan sandan, karo na uku.

Matar ta kafa ido a ƙasa. "Wancan ɗin dai," ta ce.

Gawar ɗanta aka tsamo daga rijiyar rugarsu a bayan Mawashi. Shi kuwa ɗan sandan bai daɗe da dawowa daga kwas na nazarin halayyar masu laifi ba, alamomin suna nan daram a kansa: ba hawaye, ba haɗa ido, ba ambaton suna. Ya rubuta cewa da hannunta a ciki. Aka tura ta gidan yari jiran shari'a. A wata na biyar rai ya yi halinsa.

Ranar Juma'a ɗan sandan ya je Kankiya gaida mahaifiyarsa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"A kawo wa wannan ruwa," ta ce da ƙanwarsa.

Ya sandare a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya cikin takalmi. Shekara arba'in, kunya ba ta taɓa barin tsohuwar nan ta kira sunansa ko ta dube shi ido da ido ba. Shi ne ɗanta na fari.

Wancan da aka tsamo daga rijiya ma haka.